Yahudawan Fas: yadda suka zauna cikin Musulmi da abin da ya tashe su

"Assalamu alaikum Malam. Bara Allah ya nufe ni da zuwa ziyara Fas, wurin Shehu Ahmad Tijjani. Da muka gama ziyara sai mai yi mana jagora ya kai mu wata unguwa kusa da fadar sarki, ya ce sunanta Mellah, wai nan Yahudawa suka zauna ɗaruruwan shekaru. Ya nuna mana majami'arsu da maƙabartarsu. Ya ce Larabci suke yi kamar kowa, har girkinsu da kiɗansu kusan ɗaya ne da na maƙwabtansu. Ni kuwa duk abin da na taso ina ji game da Yahudawa labarin Falasɗinu ne. Yaya aka yi suka zauna cikin Musulmi tsawon wannan lokaci ba su narke ba? Zaman lafiya ne ko zaman dole? In kuma zaman ya yi daɗi, me ya tashe su?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya karɓi ziyara. Tambayarka uku ce a ƙunshe: me ya riƙe su a matsayin al'umma, wane irin zama suka yi da Musulmi, sannan me ya sa unguwar da ka gani ta zama babu su a cikinta. Ni aikina koyar da tarihin Arewacin Afirka da hanyoyin fataucin Sahara, kuma na yi watanni a Maroko ina bin tsofaffin takardu da tsofaffin mutane. Da wannan idon zan amsa maka. Abin da ya shafi hukuncin shari'a kan mu'amala da ma'abota littafi, wannan fagen malaman fiƙihu ne, na bar musu.

Ka fara raba abu biyu a ranka, don in ba ka raba su ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta. Yahudawa kuwa sun warwatsu cikin duniya tun kafin Rumawa su rushe haikalinsu na Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, kuma warwatsuwar ta ƙaru bayan haka. A kangon garin Walili, kusa da Meknes, an samu rubutun kabari da Ibrananci tun na zamanin Rumawa. Ke nan Larabawan da suka kawo Musulunci Magrib sun tarar da Yahudawa a can. Da Idrisu na Biyu ya raya Fas a farkon ƙarni na 9, suna cikin waɗanda suka cika garin. Mafi yawan abin da zan ba ka labari ya faru ɗaruruwan shekaru kafin a san za a yi wata rigima a Falasɗinu.

Unguwar gishiri

Unguwar da aka kai ka ita ce Mellah ta farko a Maroko, kuma yawancin masana tarihi suna sa kafuwarta a 1438, zamanin sarakunan Banu Marin. Kafin nan Yahudawa cikin tsohon gari suke, gida kusa da gida da Musulmi. Sunan daga kalmar Larabci ta gishiri ya fito, saboda filin da aka ba su wuri ne mai alaƙa da gishiri, daga baya sai sunan ya bi kowace unguwar Yahudawa a ƙasar. Marrakesh ta samu tata wajen 1558, Meknes a 1682. Ka lura da inda aka sa ta: jikin fada. Sarki yana son su kusa don ya kare su in gari ya rikice, yana kuma son su kusa don harajinsu da sana'arsu da idonsa a kansu. Da dare akan rufe ƙofofin unguwar. Watakila ka ga barandar katako da tagogi masu kallon titi a gidajen nan, alhali gidajen Musulmi na tsohon gari sukan ba titi baya su fuskanci tsakar gida. Ko yau da wannan ake gane Mellah.

Matsayinsu a shari'a na ahlul zimma ne. Suna biyan jiziya, sarki yana ɗauke da kare rayukansu da dukiyarsu, kuma ba a shiga harkar addininsu. Suna da shugaba da ake kira shaikhul yahud, su kuma su ce masa nagid, shi ne bakinsu a fada, shi ke tara haraji ya kai.

Idan ina koyar da wannan, nakan ce wa ɗalibai su tuna zango. Bahaushe a Kumasi ko a Sabo ta Ibadan yana da sarkin zango, da limami, da mai gida da ke saukar da fatake, da mahauci da ya yarda da yankansa. Abin sha'awa, masanin da ya yi fice wajen nazarin Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960, Abner Cohen, shi kansa Bayahude ne haifaffen Iraƙi, kuma daga nazarin cinikin goro da shanu na Hausawa ya fito da bayanin yadda al'ummar fatake ke zama a warwatse amma a haɗe. Sai dai kwatancen yana da iyaka. Mutumin zango yana da garin da zai koma in abu ya ɓaci, kuma ana kallonsa baƙo. Bayahuden Fas ba shi da wani gari, kakanninsa sun riga iyalai da yawa na Musulmi zuwa wurin, amma doka ta ajiye shi a mataki na ƙasa.

Abin da ya riƙe su

Mutane sukan ɗauka ganuwa ce ta hana su narkewa. Ni ban yarda da haka ba, don a ƙauyukan tsaunin Atlas da kwarin Dar'a da Sus akwai ɗaruruwan ƙananan al'ummomi da babu wata ganuwa tsakaninsu da maƙwabtansu Barbar, waɗanda ke kiran kansu Amazig, kuma su ma ba su narke ba. Addininsu ne aka gina shi yadda mutum ɗaya ba zai iya yinsa shi kaɗai ba. Sallar jam'i ba ta tsayuwa sai da maza baligai goma. Ranar Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar, ba a hawa dabba, ba a kunna wuta, ba a ciniki, don haka dole gidanka ya kasance inda ƙafa za ta kai ka majami'a. Nama sai wanda mahaucinsu mai izini, shohet, ya yanka ya kuma duba huhunsa. Ba a haɗa nama da madara a tukunya ɗaya. Alade haram ne kamar wurinmu, amma su har raƙumi da zomo ba sa ci. Kaciya ranar takwas da haihuwa. Mata suna buƙatar wurin wankan tsarki na musamman, irin wanda ake sauka da matakala a ƙarƙashin majami'ar Ibn Danan ta Fas. Duk wanda yake son ya cika waɗannan, dole ya zauna kusa da 'yan'uwansa, ko da babu sarkin da ya tilasta masa.

Sannan suna da kotunsu, mai hukunta aure da saki da gado da rigimar ciniki tsakaninsu. Suna da asusun talakawa da ake cika shi da ɗan harajin da suka ɗora wa kansu a kan nama. Suna da ƙungiyar masu wanka da binne gawa. Yaro tun yana ƙarami ake kai shi makaranta a majami'a ya koyi baƙaƙen Ibrananci ya haddace Attaura da rera karatu, zaune a tabarma, malami da bulala, abin da duk wanda ya yi makarantar allo zai gane nan take. In mas'ala ta gagari malaman gari, sai a rubuta tambaya a aika wani gari ko wata ƙasa, amsa ta dawo a rubuce, a adana ta, kamar dai yadda fatawa ke yawo tsakanin malamanmu. Wannan wasiƙu ne suka haɗa Bayahuden Fas da na Alƙahira da na Bagadaza.

Kar ka ɗauka kuma babu wanda ya fita. Akwai waɗanda suka musulunta, wasu da son ransu, wasu a lokutan tsanani. A Fas zuriyarsu ta zama wani rukuni na attajirai da malamai da ake kira Bildiyyin, har yau akwai iyalan Musulmi a garin masu sunan al-Kohen.

Su ma a junansu ba kansu ɗaya ba. A 1492 Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka kori Yahudawa daga Sifen, dubbai suka tsallako Maroko. Baƙin suna kiran kansu megorashim, korarru, 'yan gida kuma toshabim, mazauna. Korarrun sun zo da ilimi da jari da jin kai, kuma an daɗe ana ja-in-ja a Fas kan yadda ake duba huhun dabba bayan yanka, har kowane ɓangare ya riƙe majami'arsa. Majami'ar da ake kira Slat al-Fasiyyin ta 'yan gida ce. A ƙarshe dokokin korarrun suka rinjaya a manyan garuruwa, ciki har da ƙa'idojin da suka ƙara wa mace kaso a dukiyar mijinta suka kuma taƙaita ƙarin aure. A arewa, Tetuwan da Tanja, zuriyarsu ta riƙe wani harshe mai tushen Sifaniyanci gauraye da Larabci da Ibrananci, Haketiya, har cikin ƙarni na 20.

Harshe ɗaya, tanda ɗaya

Nan ne ainihin amsar da nake son ka tafi da ita. Da yake waɗancan abubuwa kaɗan, kalanda da yanka da aure da kotu da makaranta, sun riƙe su da ƙarfi, sai ba su ji tsoron ɗaukar sauran komai daga maƙwabta ba.

Ɗauki harshe. Wata rana a Kasabalanka aka nuna mini littafin lissafi na wani ɗan kasuwa na ƙarni na 19. Na duba, baƙaƙen Ibrananci ne, na ce wannan ya fi ƙarfina. Sai dattijon da ke tare da ni ya fara karantawa da ƙarfi, na ji sukari, na ji shayi, na ji bashin wane kaza, duk da Larabcin kasuwa irin wanda na ji a titi da safe. Gabana ya faɗi don mamaki, domin ajami ne sak. Yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da baƙaƙen Alƙur'ani saboda su suka koya a makaranta, haka su ma suka rubuta Larabci da baƙaƙen Attaura. Kalmar da suke kiran majami'a da ita a Maroko, sla, daga salla ta fito. In suna fassara Attaura ga yara da Larabci, Allah suke cewa.

Abin bai tsaya a kasuwa ba. A ƙarni na 10 wani haifaffen Fas, Yahuda Hayyuj, ya yi amfani da nahawun Larabci ya tabbatar da cewa kalmomin aikatau na Ibrananci a kan tushen baƙi uku suke, kuma har yau a kan haka ake koyar da harshen. Wani ɗan Fas ɗin, Dunash bin Labrat, shi ya shigar da ma'aunin waƙar Larabawa, aruli, cikin waƙar Ibrananci. Musa bin Maimun, wanda babu malamin da ya fi shi girma a wurinsu a wancan zamani, an haife shi a Ƙurɗuba, ya zauna a Fas wajen 1160, ya ƙare a Masar yana likita a fadar Salahuddin, ya rasu a 1204. Babban littafinsa na falsafa, Dalalatul Ha'irin, da Larabci ya rubuta shi, kuma a wata wasiƙa ya yaba wa Al-Farabi yabo mai yawa.

Kiɗa ma haka. Kiɗan Andalus da ake yi a bukukuwan Fas, Musulmi da Yahudawa tare suka riƙe shi. A darare na hunturu, kafin asubar Asabar, maza sukan taru a majami'a su rera waƙoƙin yabon Ubangiji da Ibrananci a kan karin nan na Andalus. Akwai ma wani salo da ake kira matruz, wato mai ado irin na ɗinki, inda baiti ɗaya ke zuwa da Ibrananci na biye da Larabci.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin tukunya. Tunda ba a kunna wuta ranar Asabar, uwar gida takan haɗa girkin Asabar tun ranar Juma'a da rana: nama, ƙwai da ɓawonsa, dankali, alkama ko shinkafa a ƙulle cikin ƙyalle, da waken nan da Larabawa ke kira hummus. Sunan girkin skhina, mai zafi. A rufe tukunya, yaro ya ɗauka ya kai gidan tanda na unguwa, inda ake gasa burodi, kuma sau da yawa mai tandar Musulmi ne. Shi zai tura ta cikin toka mai zafi ta kwana tana nuna a hankali, Asabar da rana a zo a ɗauka. Wani tsoho a Sefru, wanda ya yi yaron tanda yana ƙarami, ya ce mini ba a rubuta suna a tukunya, amma bai taɓa ba wani gida tukunyar wani ba, ya san kowacce da murfinta da lanƙwasar hannunta. Ya ce ƙwan kan fito launin ƙasa-ƙasa, kuma akan ba shi ɗaya. Shekara fiye da hamsin da tafiyarsu yana ba ni labarin, yana lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa.

Haka kuma bikin Mimuna. A Idin Ƙetarewa Yahudawa sukan yi kwana takwas ba sa cin duk abin da aka sa wa yisti, ba sa ma ajiye shi a gida, kuma saboda tsananin kiyayewa ba sa cin abinci a gidan kowa. Daren da idin ya ƙare, maƙwabta Musulmi ne ke shigowa da gari da man shanu da zuma da madara da na'a-na'a, a soya wata fanke mai laushi da ake kira mufleta, a bar ƙofa a buɗe duk wanda ya zo ya ci. Biki ne na Yahudawa wanda ba ya cika sai da hannun Musulmi.

Kai da ka je ziyara za ka fahimci wannan ma: suna da waliyyansu, suna zuwa kaburburansu ziyara ta shekara-shekara da suke kira hilula, kamar ta Amram bin Diwan kusa da Wazzan da ta Hayim Pinto a Sawira. Wani mai bincike, Issachar Ben-Ami, ya ƙirga irin waɗannan waliyyai fiye da 600 a Maroko, kuma fiye da 100 daga ciki Musulmi da Yahudawa duk suna girmama su.

A sana'a, ƙirar zinariya da azurfa da zaren zinariya na ado kusan duk a hannunsu suke. A karkara su ne 'yan koli masu yawo da jaki kasuwa zuwa kasuwa, masu gyaran sirdi da takalma, kuma da yake ba sa cikin gabar ƙabilu sukan ratsa inda ɗan wata ƙabila ba zai iya ba, ƙarƙashin kariyar wani babba da suka ƙulla amana da shi. Da Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ya gina tashar jiragen ruwa ta Sawira a shekarun 1760, ya kira iyalan Yahudawa ya ba su jari, ana ce musu tujjarus sulɗan, wato fataken sarki. Ta hannun irinsu shayi ya riƙa shigowa daga Ingila, gashin jimina da ƙaro na ƙasashenmu na kudu da Sahara suka riƙa fita.

Zaman lafiya ko zaman dole

Duka biyun, ɗan'uwa, kuma duk wanda ya ba ka rabi ya ɓoye rabi bai yi maka adalci ba. Kariyar gaskiya ce, ƙasƙancin ma gaskiya ne. A garuruwa da yawa an tilasta musu baƙaƙen tufafi, an hana su hawan doki, an sa su cire takalmi in za su wuce masallaci, a wasu lokuta ma duk sanda suka fita Mellah. Shaidarsu a kan Musulmi ba ta karɓuwa a kotun alƙali. Da yake tsaronsu a jikin sarki yake rataye, duk ranar da sarauta ta girgiza su ne farkon shan wuya. Zamanin daular Muwahhidun a ƙarni na 12 an tilasta wa da yawa barin addininsu, abin da ya sa iyalin Musa bin Maimun yawo ke nan. A 1465 mutanen Fas suka yi wa sarkin Banu Marin na ƙarshe tawaye, wanda ya naɗa Bayahude waziri, aka yi wa Mellah kisa mai yawa. Maulaya Yazid ya gallaza musu daga 1790 zuwa 1792. A maƙabartar da ka shiga akwai kabarin wata budurwa 'yar Tanja, Sulaika, wadda aka fille wa kai a 1834 bisa zargin ta musulunta ta koma. A Afrilun 1912, da sojoji suka yi bore kan shigowar Faransa, an wawashe Mellah ta Fas an kashe gommai, sauran suka fake a fadar sarki.

Akwai wani babi da ya taɓa mu kai tsaye. Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki, kafin zuwansa ya yi rigima da Yahudawan Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, waɗanda ke da ƙarfi a cinikin ayari. Yana ganin sun karya sharuɗɗan zimma, don haka a rushe majami'arsu ta Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rabu biyu. Ra'ayin Maghili ya yi rinjaye a ƙasa, aka rushe majami'ar wajen 1492, aka kashe wasu, sauran suka watse. Ina kawo wannan ne ba don rage darajar Shehu ba, gudummawarsa ga ilimi a ƙasar Hausa sananniya ce. Ina so ka ga cewa tun a wancan lokaci malaman Malikiyya da kansu sun yi saɓani kan haƙƙin waɗannan mutane, kuma akwai alƙalin da ya tsaya musu. Ni a karatuna na takardun, hujjar alƙalin ta fi kwanta mini.

In ka auna da abin da Yahudawa suka gani a Turai, daga korar 1492 zuwa kisan kiyashin Nazi da ya ci mutum miliyan 6, Maroko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wannan awo na masu tarihi ne. Mutumin da aka sa ya tuɓe takalmi a titin garinsu ba ya auna kansa da Poland.

Tafiyar

Wajen 1948 akwai Yahudawa kimanin 250,000 a Maroko, adadin da ya fi na kowace ƙasar Larabawa. Yau ba su wuce 2,000 zuwa 3,000 ba, mafi yawa a Kasabalanka. Ba a kore su da doka ba, kuma ba dalili ɗaya ya tashe su ba.

Tsagewar ta fara tun kafin Isra'ila. A 1862 wata ƙungiyar Yahudawan Faransa, Alliance Israélite Universelle, ta buɗe makarantarta ta farko a Tetuwan, daga nan makarantun suka bazu. Sun fitar da dubban yara daga jahilci da talauci, har da 'yan mata, wannan ba abin musu ba ne. Amma yaron da ya fito yana Faransanci, yana sa kwat, yana aiki a kamfanin Bature, ya fara nisa da maƙwabcinsa da ya tsaya a makarantar allo. Da Faransa ta karɓi ƙasar a 1912 tazarar ta ƙaru. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Nazi, ta shimfiɗa dokokin wariya a kansu, kuma har yau Yahudawan Maroko suna tuna Sarki Muhammad na Biyar da alheri saboda ya nuna a fili cewa su talakawansa ne, ya gayyaci manyansu bikin sarauta a 1941 a gaban jami'an Faransa.

Sai 1948. A watan Yuni aka yi tarzoma a Wujda da Jerada, aka kashe Yahudawa fiye da 40. Tsoro ya shiga. Wakilan 'yan sahayoniya, masu fafutukar tara Yahudawa a Isra'ila, suna yawo har ƙauyukan Atlas suna rubuta sunaye. Ga talauci mai tsanani a Mellah. Ga kuma wani abu da bai kamata a raina ba: mutanen da kowace shekara suke rufe addu'ar idi da fatan baɗi a Ƙudus, da aka ce musu ga mota, da yawansu sun ɗauka alkawarin da suke karantawa ne ya cika. Bayan 'yancin kai a 1956 an ba su cikakken matsayin 'yan ƙasa, har aka naɗa Bayahude minista, amma aka hana ƙaura zuwa Isra'ila, sai ta koma ta ɓoye. A Janairun 1961 wani ƙaramin jirgin ruwa ya nitse da masu ƙaura 44. Bayan haka, zamanin Sarki Hassan na Biyu, aka buɗe ƙofa, kusan mutum 100,000 suka fita tsakanin 1961 da 1964. Yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967 ya kwashe da yawa daga cikin sauran. Ka tuna abin da na faɗa game da mutum goma. In shohet ya tafi, malamin makaranta ya tafi, wanda ma ba ya son tafiya ba zai iya zama ba. Abin da ya riƙe su tare shi ya sa suka tashi tare.

Masu hali da Faransanci sun nufi Faransa da Montiriyal ta Kanada. Talakawa suka nufi Isra'ila, inda Yahudawan Turai masu riƙe da mulki suka raina su saboda Larabcinsu da al'adarsu, aka zuba su a tantuna da garuruwan bakin hamada. A 1959 suka yi bore a unguwar Wadi Salib ta Haifa. Ita kanta unguwar gidajen Falasɗinawa ce da yaƙin 1948 ya raba da su. Wannan wurin yakan yi mini nauyi duk sanda na zo koyar da shi: an ɗauko mutanen da suka bar gidajen kakanninsu an zuba a gidajen waɗanda aka hana komawa nasu. Cikin waɗanda suka ƙi tafiya Isra'ila kuma akwai irin su Abraham Serfaty da marubuci Edmond Amran El Maleh, Yahudawa 'yan Maroko da suka goyi bayan Falasɗinawa a fili har ƙarshen rayuwarsu.

Yau kundin tsarin mulkin Maroko na 2011 ya ambaci gadon Ibraniyawa cikin abubuwan da suka gina ƙasar. Akwai gidan tarihin Yahudawa a Kasabalanka tun 1997, kotun malamansu tana nan tana hukunta aure da gado, kuma an gyara maƙabartu fiye da 160 da umarnin sarki. A nan zan ja maka kunne kan abu guda. Abin da na ba ka labarin Maroko ne, kar ka shimfiɗa shi a kan Yahudawan Yaman ko Habasha ko Rasha, kowannensu da nasa zaman. Ka kuma sani mai yi wa baƙi jagora yakan zaɓi ɓangare mai daɗi, don shi ne ke sayuwa.

In Allah ya sake kai ka, ka ɗan fita daga Fas zuwa ƙananan garuruwa. A wani ƙauye a kudancin Atlas na tarar da maƙabartar Yahudawa da babu Bayahude ko ɗaya a kusa da ita tun shekarun 1960. Makullin yana hannun wani dattijo Musulmi, ya gāje shi daga mahaifinsa, wanda masu tafiya suka damƙa wa amana ranar da motoci suka zo. Ba ya karanta Ibrananci, amma ya bi da ni layi-layi yana cewa wannan maƙeri ne, wannan matar mai ɗinki ce, wannan yaro ne zazzaɓi ya ɗauke. Ya ce jikokinsu sukan zo daga Faransa da Kanada da Isra'ila, wasu ba sa jin Larabci ko kaɗan, shi ke kama hannunsu ya kai su kan kabarin kakansu. Da za mu fita ya tsaya ya cire wata ciyawa da ta tsiro a gefen wani kabari, sannan ya ja ƙofar ya kulle.